Bangon Ɗakin Inna da 'Yancin Ruwan Sama

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Mai Alfarma, Gangaran a Ilimin Mallaka, Garkuwar Masu Katanga, Fitilar da Ke Ci da Man Kanta Ba da na Gwamnati Ba, Babban Darakta na Cibiyar Kowa-Da-Nasa ta Nazarin 'Yanci, Adalci da Sauyin Yanayi, a duk ofishin da takardar nan ta riske ku cikin sanyin na'ura da kwanciyar rai.

Bayan gaisuwa ta durƙuso, irin wadda ƙasa ke yi wa sama, tare da tambayar lafiyar dukiyarku, sannan taku, sannan ta iyali, bisa jerin da na fahimta daga karatunku, ina neman izinin gabatar da kaina.

Sunana Ashafa, ɗan marigayi Abdoulrahim, mazaunin Zongo a nan Parakou. Sana'ata zem, wato ɗaukar bayin Allah a bayan babur daga inda suke zuwa inda suke zaton ya fi. Ba za ku tuna ni ba, kuma ban ga laifinku ba. Ni ne saurayin da ya zauna a layin ƙarshe, kusa da teburin abinci, a taron da Cibiyarku ta shirya a wani otal na garin nan cikin bazarar da ta wuce. An gayyato mu 'yan zem ne domin kujeru su cika a hoto. Na shiga da niyyar shinkafa, na fito da aƙida. Wannan ba ƙaramin aiki kuka yi ba.

Abubuwa uku kuka koya mana, na kuma haddace su kamar sunayen iyayena. Cewa kowane mutum shi ke da kansa da abin da ya mallaka, babu mai ikon tilasta masa komai. Cewa sauyin yanayi ba matsalar da za a tara jama'a ko a ɗora haraji a kanta ba ce, kasuwa za ta daidaita shi idan aka ƙyale ta. Da kuma cewa wanda aka cuta ya nemo wanda ya cuce shi, su biyu, ya karɓi diyyarsa. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. A layin gaba kuma akwai wanda ya fi ni tafi: maƙwabcinmu Alhaji Moumouni, mai shagon siminti, wanda aka zaunar a kujera mai hannu.

Kafin in shiga koke, dole in kwatanta muku lungunmu, domin a taswirar da kuka haska mana ban ga shi ba. Lungun gangare ne. Gidan Alhaji Moumouni yana sama, bakin titi. Gidanmu yana can ƙarshe, inda ƙasa ta gaji ta zauna. A tsakiyar lungun akwai kanibo, wato magudanar ruwa, wanda iyayenmu suka haƙa tun kafin a haife ni. Kowace shekara, idan hadari ya fara leƙowa daga gabas, Malam Abdoul Karim, dattijon lungun, yakan zaɓi wata Lahadi ya bi gida-gida da baronsa mai kuka. Kowane gida ya fito da namiji ɗaya da shebur. Wanda ba shi da lafiya ya aiko da goro, wanda ya yi tafiya matarsa ta dama koko. A yashe kanibon daga sama har ƙasa, a kwashe ledoji da yashi da takalman da suka rasa abokan zamansu, a yi wa juna ba'a, a watse kafin azahar. A jahilcinmu muna kiran wannan gayya. Sai a taronku na gano ashe mulkin kama-karya ne mai ƙafa ɗaya ta ƙarfe.

Ga koke-koken bawanku, cikin ladabi.

Na ɗaya. Bana Malam Abdoul Karim ya fito da baronsa kamar kullum. Ya fara da gidan Alhaji Moumouni, domin daga sama ake farawa. Alhaji ya fito riƙe da takardar shaidar halartar taronku, wadda ya sa aka yi wa gilashi, ya ce masa: "Malam, da wace yarjejeniya ka zo ƙofata? Na taɓa sa maka hannu? Ni ƙofar gidana tsaf take. Kowa ya ji da tasa." Malam, wanda bai yi karatun zamani ba, ya ajiye baronsa, ya ce: "Moumouni, ni na riƙe ka ranar da aka yi maka aski na suna. Yau kuma sa hannu kake nema?" Amma hujja ta fi tsufa ƙarfi. Gida na biyu suka ce idan Alhaji bai fito ba, su me ya sa za su kwashe dattin da daga wurinsa yake gangarowa? Gida na uku suka ce maganar gida na biyu gaskiya ce. Kafin Malam ya iso ƙofarmu, 'yanci ya riga shi isowa. Ina taya ku murna, ranku ya daɗe. Ban taɓa ganin ilimin da ya sauka gangare da sauri haka ba. Tambayata kawai ita ce: da kuka 'yantar da mutanen lungun daga kanibo, wa kuka bar wa kanibon?

Na biyu. Kun ce kasuwa za ta samar da mafita, kuma wallahi ta samar. Da ruwan farko ya sauka ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya shiga zaure biyu-uku yana tambaya. Washegari kowa ya garzaya ya sayi siminti ya ɗaga dokin ƙofarsa. A ina aka sayi simintin? A shagon Alhaji Moumouni, Allah ya ƙara buɗi. Wanda ya ɗaga taki ɗaya, na ƙasa da shi ya ɗaga biyu. Yanzu idan kun shigo lungunmu za ku ga tsofaffi suna hawa ƙofofin gidajensu kamar masu shiga babbar mota, suna riƙe bango suna salati. Kowa ya kare nasa, daidai da karatu.

Sai dai an yi sakaci guda: ba a gayyaci ruwan sama zuwa taronku ba. Bai san mallaka ba, bai san iyaka ba, bai san cewa shiga gidan mutum ba da izini ba keta haddi ne. Yana sauka daga titi, ya duba ƙofar Alhaji ya ga ta fi ƙarfinsa, ya gaishe ta ya wuce. Haka yake bi ƙofa-ƙofa, ana sallamarsa cikin mutunci, har ya iso gidan da ba a iya sayen siminti ba. A nan yake sauke kayansa.

A gidan, wato namu, akwai ɗaki ɗaya na ginin ƙasa da ya rage, wanda mahaifina ya gina da hannunsa shekarar da ya auri mahaifiyata, Inna Adawiyya. A cikinsa take kwana har yau. Bangon gabas na ɗakin ya sha ruwa daga ƙasa, ruwan sama kuma yana dukansa daga gefe, har ya tsage tun daga taga zuwa kusa da rufi. Tsagar ta fara kamar zare. Yanzu ina sa hannuna a ciki har wuyan hannu, Inna kuma tana ganin masu wucewa ba tare da ta buɗe taga ba. Na roƙe ta ta koma ɗakina na bulo, ni in kwana a zaure tare da babur. Ta ce: "A ɗakin nan na haife ka, da bakinka mai yawan nan. Ubanka ya gina shi, ba ruwan Moumouni ne zai fitar da ni ba." Na so in tilasta mata, sai na tuna darasi na farko. Kun ga, ranku ya daɗe, Inna ta riga ku sanin aƙidar, ba tare da an ba ta shinkafa ba.

Na uku, kuma a nan ne na fi buƙatar haskenku. Kun ce wanda aka cuta ya nemo wanda ya cuce shi. Na sa rigata mai kyau na fita nema.

Na fara da Alhaji Moumouni. Ya karɓe ni hannu biyu daga saman matakalarsa, ni ina ƙasa. Ya ce: "Ɗana, kai ma ka je taron. Ruwan nan ka ga sunana a jikinsa? Daga titi ya zo mini, na ƙi karɓa. Ƙin karɓar baƙo laifi ne?" Na je titi. Titi ya nuna mini unguwar da ke sama da mu, inda aka sare itatuwan mangwaro aka zuba gine-gine, kowa a filinsa, kowa da takardarsa. Su kuma suka nuna mini sama. Na ce to, idan na Allah ne, na janye ƙara. Sai na tuna malamin da kuka kawo mana da rana, mai gilashi, wanda ya amsa da bakinsa cewa irin wannan ruwa da ke ƙin zuwa wata guda sannan ya zubo na wata biyu a yini ɗaya, akwai hannun hayaƙin manyan masana'antu da motocin ƙasashe masu nisa a cikinsa.

Alhamdu lillahi, an sami mai laifi. Saura adireshi. Ina roƙon Cibiyarku ta taimaka mini da sunan mutumin, da unguwarsa, da lokacin da ake samunsa a gida. Ina kuma neman a koya mini yadda ake tantance ɗigon ruwa, domin na tari cikin bokiti daga ɗakin Inna na zauna ina dubawa, ban iya raba na wannan masana'anta da na waccan ba. Duk kamarsu ɗaya, duk sun jiƙa tabarma. Wace kotu ce za ta saurari ɗan zem daga Zongo a kan mutanen da ba su san akwai Zongo ba? Idan an ba ni rana, babur yana kaiwa can? Kuma bangon zai jira a yanke hukunci?

Don kada a ce na ɓoye gaskiya, babur ɗina ma yana hayaƙi, musamman idan na sha man kwalba na bakin hanya. Saboda haka ina cikin waɗanda ake ƙara. Na zaunar da kaina, mai ƙara da wanda ake ƙara, muka tattauna cikin 'yanci, muka yafe wa juna. Da na kai wa Inna labarin wannan nasara ta shari'a, ta ce tunda an sami mai laifi ɗaya a kusa, ya ɗauki bokiti ya fara kwashe ruwa. Ita ce kaɗai diyyar da aka biya a lungunmu zuwa yau.

Na huɗu. Kun ce idan wuri ya ƙi mutum, yana da 'yancin tashi ya koma inda ya fi. Na ga hikimar wannan. Na ce bari in je Djougou, in wuce Bariénou wurin ƙanin Inna, Kawu Illiyasu, manomin doya, in roƙe shi ya zo da kansa ya lallashe ta ta yi damina a wurinsa. Na tarar da shi a gona zaune a kan kunya, yana tono irin doyar da ya binne yana jefarwa. Ruwa ya yaudare su da wuri, suka shuka, ya ɗauke. Irin ya dahu a cikin ƙasa. Waɗanda suka sake shukawa kuma, ruwan ya dawo da fushi ya kwantar da kunyoyin. Itatuwan kaɗanyar da ke tare iska a gefen gonar, mai filin ya sayar wa masu gawayi, abinsa ne, da 'yancinsa.

Na ga dama ta samu ta yaɗa ilimi. Na gyara murya na bayyana wa Kawu cewa wannan saƙo ne kasuwa ke aiko masa, cewa ya sauya sana'a. Ya jefar da wani ruɓaɓɓen iri gefe. Ya ce: "Ashafa, ita kasuwar ce ta aiko ka tun daga Parakou ka faɗa mini doyata ta ruɓe? Ka gaishe ta. Ka ce na gani." Sannan ya ce dama yana shirin aiko mini da saƙo: ko akwai ɗaki a gidanmu, yana so ya zo birni ya gwada zem kafin kaka.

Ranku ya daɗe, a nan lissafin ya tsaya mini. Ni ina so in kai Inna Bariénou saboda ruwa ya yi yawa. Kawu yana so ya zo Parakou saboda ruwa ya ƙi zuwa, sannan ya yi yawa. Idan kowa ya yi amfani da 'yancinsa na tashi, za mu haɗu a tsakiyar hanyar Djougou da kayanmu a ka, mu gaisa. Shin tsakiyar hanyar tana da mai ita, ko za mu iya sauka?

Na biyar gajere ne. Malaminku ya ce waɗanda suka riga kowa amfani da sararin sama wajen zuba hayaƙi sun sami wani haƙƙi a kansa, kamar wanda ya riga kowa sare daji ya yi gona. Na fahimta. Kakanninmu sun yi sakaci, suna ta fataucin goro da jakuna lokacin da ake rabon sama. Ina tambaya ne kawai ko an rage wani ɗan gefe, ko da daidai faɗin rufin ɗaki ɗaya, wanda za a rubuta da sunan Inna, domin ta hana a zubo mata ruwa ta cikinsa.

Na shida ba koke ba ne, yabo ne, don kada ku ɗauke ni maƙiyi. Ni ɗan zem ne. Babu wanda zai koya mini daɗin a ƙyale mutum ya nemi abincinsa ba tare da an tare shi a kowace kwana ana neman takarda ba. Da kuka yi magana a kan wannan, har ƙwalla na ji. Kuma maganarku cewa ba wanda ke da ikon zuba wa wani ƙazantarsa a gida, ko shi wane ne, ita ce magana mafi nauyi da na taɓa ji daga bakin mai kwat. Da za a bi ta har ƙarshenta, da masu manyan bututun hayaƙi sun yi layi a ƙofar Inna da hula a hannu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan magana da safe kuka faɗe ta da lasifika, kafin a ci abinci. Bayan an ci, da aka zo kan wa zai biya wa, sai murya ta yi ƙasa, aka ce abin yana da sarƙaƙiya, ana kan bincike. Ɓangaren "ba mai tilasta mini" ya iso lungunmu a ranar, a motar Alhaji. Ɓangaren "wanda ya ɓata ya gyara" har yanzu muna zuba ido. Ko a wace tasha ya sauka?

A halin yanzu ni da Malam Abdoul Karim muna yashe kanibon mu biyu, shi da baro ni da shebur, duk safiyar da bayansa ya yarda. Mun faro daga ƙasa muna hawa, abin da duk mai hankali ya san aikin banza ne, domin abin da muka kwashe yau na sama ya aiko da madadinsa gobe. Alhaji Moumouni yakan tsaya a saman matakalarsa da kofin shayi, ya nuna mu ga masu wucewa ya ce: "Kun gani? Wa ya tilasta musu? Ga shi ana yi." Ina ba da shawarar a sa mu a rahotonku na shekara.

Yanzu, Mai Girma, na iso ga abin da ya sa na ari biro.

Ba na roƙon ku gyara kanibo, na san ba ku yarda da kanibo ba. Ba na roƙon siminti, kada in ɓata wa kasuwa lissafi. Ba na roƙon ku sauya aƙida, domin mutum da aƙidarsa mallakarsa ce.

A mahadar hanyar da ke shiga Banikanni, tsakanin turaku biyu, har yau akwai babban tampol ɗin da kuka rataya na sanarwar taronku, wanda mu a nan muke kira bash. Taron ya wuce da watanni. Bash ɗin yana nan, mai kauri, mai zoben ƙarfe a kowane gefe, ruwa ba ya ratsa shi. Na san haka domin duk lokacin da hadari ya kama mu a hanya, ƙarƙashinsa muke fakewa, kuma shi ne amfani na farko da na ga aƙidar ta yi wa mutum fiye da ɗaya a lokaci guda. A jikinsa akwai hotonku, kuna murmushi, hannu a ƙirji, da rubutu manya: KOWA DA NASA. Na auna shi da igiyar guga, na je na auna bangon Inna. Ranku ya daɗe, kamar tela ɗaya ya yanka su. Zai rufe bangon daga rufi har ƙasa, har a sami ragowar da za a danne da duwatsu.

Abokan aikina sun ce in hau in kwance shi kawai, ba mai tambaya. Na ce a'a. Ni ɗalibinku ne. Abu mai shi gare shi, ko da mai shi ya manta da shi. Shi ya sa nake neman yardarku a fili, a gaban duk mai karanta wannan takarda, bisa ciniki na son rai tsakanin 'yantattu biyu: ku ba ni bash, ni kuma duk ranar da kuka sake shigowa Parakou in ɗauke ku a babur kyauta, in kai ku lungunmu ku ga 'ya'yan karatunku. Ku zo da takalmin roba.

Na yi shawara da Inna a kan yadda za a ɗaura shi. Ni na so hoton ya kalli ciki, don girmamawa, kada ruwa ya taɓa fuskarku. Ta ce ba za ta kwana wani ƙato yana leƙenta ta tsagar bango yana murmushi ba. Saboda haka fuskarku za ta kalli waje, wajen gabas, ta inda hadarin ke tasowa da kuma ta inda ruwan lungu ke gangarowa. Ina ganin hakan ma ya fi. Za ku ga mai laifin da idonku lokacin da yake isowa, kuma tunda kun fi mu sanin mutane, wataƙila ku gane ko na wane ne.

Ina roƙon amsa kafin Juma'a. Ba ni na sa wa'adin ba, ban isa ba. Gabas ce ta yi baƙi tun jiya, tsagar kuma ta kai rufi.

Naku mai biyayyar da ba a tilasta ba, mai durƙuso bisa zaɓin kansa, mai riƙe da igiya da tsani yana jiran kalma ɗaya daga bakinku mai albarka,

Ashafa Abdoulrahim,
ɗan zem, ɗalibin layin ƙarshe,
gidan ƙarshe a gangare, Zongo, Parakou.